Fiffiken da Na Hana a Yaye

A tsohon gidanmu na unguwar Bani Malik a Jidda, idan ka hau matakala har ƙarshe, za ka tarar da wani ɗaki mai rufin kwano a kan soro. A cikinsa akwai fiffiken jirgin sama, an tsayar da shi a kan gefensa ya raba ɗakin biyu. Mu yaran gidan ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Muna shanya ɗankwali a kansa, muna ɓuya a bayansa idan mun yi laifi. Sai da na shiga makaranta na gaya wa wata yarinya, ta ce ni maƙaryaciya ce, sannan na gane ashe ba kowane gida ke da fiffike ba.

Ba cikakke ba ne, rabin waje ne, wajen da ya lanƙwasa. Tsawonsa ya ɗan fi taku huɗu na babban mutum. Na jiragen da ne, waɗanda ake yi wa fiffike biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tun kafin yaƙin duniya na biyu. Cikinsa katako ne siriri, an jera shi kamar haƙarƙarin kifi, an lulluɓe da yadi an ɗinke. Mutane ba sa yarda idan na ce jirgi ya taɓa tashi da yadi da zare, amma haka abin yake.

Kakana na wajen uba ne ya kawo shi gida. Ina shekara shida ya rasu, don haka abin da na riƙe game da shi kaɗan ne. Na riƙe dogayen yatsunsa, da yadda yake ƙwanƙwasa yadin da farce ya kasa kunne. Idan ya yi amo kamar kalangu, sai ya gyaɗa kai ya sauka. Idan ya yi ƙasa-ƙasa kamar buhun da bai cika ba, sai ya kira matan gida.

Sauran labarin daga bakin Gwaggo na ji shi, ƙanwar babanmu, wadda ta riƙe mu bayan iyayenmu sun rasu. Ta ce ubanta ɗan masunta ne daga bakin kogi a ƙasar Kabi. A ƙafa ya taho, yana tsayawa yana aiki a garuruwan Sudan, har ya tsallako teku. Da ya gama hajji bai koma ba, ya zauna bakin ruwa yana gyara wa masuntan Jidda taru. A lokacin sojan sarkin ƙasar na da 'yan jiragen sama a wani fili a bayan gari, kuma waɗanda ke kula da su baƙi ne. Wata rana wani makanike Baturen Rasha ya zo sayen kifi, ya tsaya a kan kakana ya daɗe yana kallon hannunsa. Daga nan ya ɗauki tarun ya juya ƙullin, ya yi masa alama da hannu ya biyo shi. Ashe ƙullin da ake ɗaure yadin fiffike da shi ɗan'uwan ƙullin taru ne, wanda ko zare ya tsinke a gaba, na baya ba ya warwarewa.

Da ina yarinya na so a ce kakana matuƙi ne. Na tambayi Gwaggo ko ya taɓa tashi sama, ko sau ɗaya. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Wa? Ubana? Ko Madina za shi sai ya tambaya ko direban yana da iyali. Cewa yake ya san da abin da aka ɗinka shi, ba zai hau ba."

Ya yi shekaru yana wannan aiki. Ya ga jiragen soja, ya ga na farko da suka fara kawo alhazai daga Masar. Sannan jiragen ƙarfe suka zo, ba mai buƙatar allura, ya koma ɗinkin katifa. Ranar da za a ƙona tsofaffin ɓaraguzai a bayan rumfar jirage, ya roƙi wannan yanki aka ba shi, domin shi ya ɗinka shi daga farko har ƙarshe. Ya ɗauko shi a ka.

Ga yadda ake ɗinkin. Mutum ɗaya ba ya iyawa. Ana tsayar da fiffiken, wani ya tsaya ta wannan gefe wani ta wancan, ba sa ganin juna. Basilla ce doguwa kamar kamu guda. Na farko ya soka ta kusa da haƙarƙarin katako, na biyu ya karɓa ya dawo da ita ta ɗaya ɓarin katakon, na farko ya ƙulla. Haka za a bi har ƙasa. Idan yadin gidanmu ya yage, kakana ke tsayawa ta nan, kakata ta can. Gwaggo ta ce ko sun yi faɗa ba sa magana, idan aka zo faci dole ta tsaya, ya miƙa mata allura ta cikin yadi ta mayar masa.

Ni da littattafan soyayya na girma, waɗanda 'yan'uwa ke kawo mana daga Kano a ƙasan jaka lokacin aikin hajji. Da su na koyi karatun Hausar boko, don a makaranta Larabci kawai aka koya mana. Na karanta masoya a lambu, masoya a mota, masoya a bakin asibiti. Ina son su har gobe. Amma ban taɓa karanta wurin da ya kai mini wannan ba: mutum biyu, yadi a tsakaninsu, kowa na jiran tsinin allurar ɗan'uwansa ya ɓullo. Sau da yawa nakan hau soro da la'asar da littafi, in zauna ta gefen da kakata ke tsayawa, in ji zuciyata ta yi nauyi da wani daɗi da ban san sunansa ba. Na yi aure na fito, ban samu haka ba. Ban daina yarda akwai shi ba, tunda ga shaidarsa a ɗaki.

A filin jirgi, wani ruwa mai warin maganin goge farce ake shafa wa yadin ya ɗame. A gida babu shi, sai kakata ta koma jiƙa ƙaro, wanda maƙwabtanmu Hausawan Sudan ke kawowa. Duk shekara kafin watan hajji matan gida za su hau su shafe fiffiken da ruwan ƙaro. Inda ya yage kuma a yi faci da abin da ke hannu. Akwai facin buhun fulawa, har rubutun kamfanin na nan ya dushe. Akwai ragowar haramin babana. Akwai atamfa mai ruwan goro daga zanen mahaifiyata. Na asali, ɗinkin kakana da hannunsa a filin jirgi, saura tsakanin haƙarƙari huɗu na wajen gindi, yadin ya yi launin shayi da madara. Ni da Gwaggo muka ci gaba da aikin har idonta ya tafi.

Shekara uku da suka wuce mai gidan da muke haya ya rasu, magada suka sayar, aka ba mu wa'adi mu tashi. Ni da Gwaggo muka samu ƙaramar shaƙƙa, wato sashen haya a gidan bene, a unguwar Waziriyya, hawa na biyu, kusa da mashgal ɗinmu, shagon da nake ɗinkin kayan mata. Yayana, wanda ke aikin sito a tashar jiragen ruwa, ya samu tasa a wani layin da matarsa da 'ya'yansa mata uku. Aka raba tukwane da darduma ba gardama. Fiffike ne kawai ba wanda ya ambata, har ranar da Yaya ya shigo da baƙo.

Dattijo ne Balarabe, ya yi rayuwarsa yana gyaran jirage har ya yi ritaya. Yana da wani fili a arewacin gari inda yake tara tsofaffin kayan jirgi, makarantu na kai yara su gani. Zan faɗi gaskiya a kansa, mutumin kirki ne. Ya hau matakalarmu yana haki, da ya ga abin sai ya tsaya cak a bakin ƙofa, ya cire tabarau ya goge ido. Ya shafa katakon ta wata kafa da ta buɗe, yana ta masha Allah. Ya ce shekara da shekaru yana neman irinsa, bai taɓa zaton yana kan soro a Bani Malik ba.

Muka zauna shan shayi a nan saman, har Gwaggo aka hauro da ita. Da Larabci ake hirar. Ya ce zai ɗauke shi, ya rataye shi a tsakiyar zaure, ya sa allon tagulla a ƙasa da sunan kakanmu da garin da ya fito da aikin da ya yi. Na ga fuskar Yaya ta yi haske irin wanda rabona da gani tun ranar da aka haifa masa 'yar fari. Ni ma na ji daɗi, har na fara hango zauren.

Sai dattijon ya nuna yadin da cokalin shayi ya ce, "Waɗannan tsummokaran dai za mu yaye su duka. Katakon lafiyarsa ƙalau. Mu sa sabon yadi, mu yi masa fentin azurfa, ya dawo kamar ranar da ya fito daga masana'anta."

Na ce, "Ya ammi," wato baffa, "wa zai ɗinka sabon?"

Ya ce, "Ina da gwani a wurina. Yanzu abin ya yi sauƙi, ya binti, 'yata, a manna da gam a bi da dutsen guga, shi ke nan ya ɗame."

"To sunan kakana zai zauna a ƙarƙashin aikin wa?"

Yaya ya harare ni. Dattijon bai ji haushi ba, ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa mara lafiya. Ya ce ƙaro na kiran ƙwari, kuma zai ci sauran kayansa. Ya ce yara na zuwa ne su ga jirgi, ba buhun fulawa ba. Na ce a sa shi cikin gilashi yadda yake. Ya ce shi makanike ne, ba zai iya rataye fiffike da atamfa a jiki ya kira shi fiffike ba.

Gwaggo ta juyo wajena ta ce da Hausa, "Me yake cewa a kan atamfar uwarki?"

"Wai ba ta dace da jirgi ba."

"Shi ya dace? Ji yadda ya hau bene kamar an ɗora wa jaki firji."

Yaya ya ce, "Gwaggo, don Allah." Ya juya ya gaya wa baƙon wai tana yi masa addu'a ne. Suka tsayar da magana a kan ranar Alhamis bayan la'asar za a turo mota.

Da ya raka shi ya dawo, a tsakar gida ya same ni ina naɗe kwanuka a jarida. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta fi shiga ta.

Ya ce, "Ke, saurare ni. A garin nan aka haifi baba. A nan aka haife ni, a nan aka haifi 'ya'yana. Amma duk shekara sai na je sabunta iƙama, takardar zaman baƙo, kamar jiya na sauko daga jirgi. Yarinyar nan ta tsakiya an tambaye ta a aji yaushe za su koma ƙasarsu. Wace ƙasa? Yau mutum ya zo da ƙafarsa zai rubuta sunan kakanmu a bango, inda za a kai 'yan ajinsu su karanta, ke kuma kina maganar tsumma."

Na ce, "Yaya, katakon nan Turawa suka fere shi. Ƙusoshin nasu ne, fasalin nasu ne. Abu ɗaya ne namu a jikinsa, kuma shi ne za a zuba a shara. A rubuta sunansa a kan me?"

"A kan tagulla. Tagulla ba ta yagewa."

"Sai yaran su tambaya me ya yi, a nuna musu aikin dutsen guga."

"Littattafan nan sun gama lalata miki kai."

"Sun lalata, kuma na gode musu."

Ya juya wajen Gwaggo da ke kan tabarma tana jan carbi. "Gwaggo, ke ce babba. Ubanki ne. Ki yanke."

Ta ce, "Ni ba allon zan gani ba, ba yadin zan gani ba. Ubana bai bar wasiyya a kan wannan ba. A ka ya ɗauko shi, bai nemi shawarar kowa ba. Wanda zai iya ɗauka ya ɗauka, ku ƙyale ni in yi tasbihina."

Yaya ya ɗauka ta ba shi gaskiya ne, tunda shi ke da mota ranar Alhamis. Ya ce, "Halas, an gama," ya fita. Ni kuma na ji abin da na ji: wanda zai iya ɗauka ya ɗauka.

Ranar Laraba da safe, bayan ya tafi aiki, na kira mai dabbab, ƙaramar motar nan ta ɗaukar kaya. Na roƙi abokan aikina biyu daga mashgal, Hausawan Sudan ne, mata masu ƙarfi da ba sa tambaya da yawa. Muka naɗe fiffiken da barguna, muka ɗaure da igiyar shanya, muka zuro shi ta bangon soro zuwa titi. Na yi zaton zai yi nauyi. Shekara arba'in da wani abu ina zaune da shi ban taɓa ɗaga shi ba. Ashe bai kai katifa ba. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Wannan ne ya ɗauki mutum sama? Lallai mutanen da ba sa son ransu."

Direban ya ɗora shi a kwance, rabinsa ya leƙo bayan mota, ya ɗaura jan ƙyalle a ƙarshen. Na zauna a gaba, wuyana a juye ina kallonsa ta gilashin baya. Da muka hau gada iska ta shiga ƙarƙashinsa. Bargon ya zame, yadin ya fara wani kuka siriri, sai na ga bakin fiffiken ya ɗaga daga kan motar, ya tsaya a iska, igiya ta miƙe tana rawa. Direban ya rage gudu yana salati yana zagin wanda ya haɗa shi da wannan kaya. Ni kuwa hawaye nake, ina dariya a cikin niƙabi. Duk tsawon shekarun nan a ɗaki, da buhun fulawa da atamfa da ƙaro, bai manta aikinsa ba.

A Waziriyya ya ƙi juyawa a kwanar matakala. Muka gwada a tsaye, muka gwada a karkace. Mai gadin ginin ya ce a kawo zarto a raba shi biyu, minti biyar an gama. Na ce ya fara raba ni. Na tafi layin baya na samo mai aikin alminiyom, ya kwance tagar ɗakina gaba ɗaya da firam ɗinta. Aka zuro igiya daga sama, mutanen shaguna suka fito kallo, kowa na ba da umarni da harshensa. Yalla, ja, sassauta, dama, hagu.

A nan na yi ɓarnar da ba zan ɗora wa kowa ba. Ni ce a bakin taga ina karɓa. Don gaggawa na ja kafin gindin ya daidaita, wata ƙusa da ta rage a bango ta kama yadin. Na ji ƙarar a cikin haƙorana. Ba a facin fulawa ta kama ba, ba a atamfa ba. A ɗinkin kakana ta kama, ta tsaga shi kusan kamu ɗaya, tsakanin haƙarƙari na biyu da na uku. Abin da ya tsira daga rana da gishirin teku da wasan 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, ni da na tashi kare shi na yaga shi cikin daƙiƙa. Na zauna a ƙasa cikin ƙurar siminti. Da na duba da kyau, yadin ya tsage amma ƙullin ko ɗaya bai saki ba.

Yaya ya zo bayan magariba, an riga an gaya masa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya dubi fiffiken da ya ratsa daga taga har bakinsa ya leƙo waje, ya dubi gadona da na tura lungu, ya dubi tsagar.

Ya ce, "Kin kyauta. Shi da zai yaye a hankali ya fi ki laifi, ko?"

Na ce, "Na yaga, kuma ni zan zauna da shi."

"Me zan gaya wa mutumin gobe?"

"Ka ce ƙanwarka ba ta da kunya. Zai yarda, ya gan ni."

"'Ya'yana fa?"

Na ce ƙofata a buɗe take, su zo su gani, su kawo duk 'yan ajinsu in suna so. Ya ce ba wanda ke kai 'yan makaranta ɗakin kwanan bazawara a Waziriyya. Gaskiya ya faɗa. Ya gaida Gwaggo ya tafi, ya yi wata biyu bai tako ba.

Na san abin da na hana yaran nan. Ina tuna shi duk lokacin da ta tsakiyar ta zo ta zauna shiru tana latsa waya, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Wataƙila allon tagulla zai yi mata amfanin da yadi ba zai yi ba. Na auna wannan sau da yawa, kuma duk lokacin da na auna, ina komawa inda nake. Ba zan bari a cire hannun mutum a bar sunansa ba.

Dattijon ya aiko da saƙo sau biyu ta bakin Yaya, cewa tayinsa na nan. Na mayar masa cewa nawa ma na nan: ya ɗauka yadda yake, da facinsa da tsagarsa, ko gobe. Bai motsa ba, ban motsa ba.

Zama da fiffike a ƙaramin ɗaki ba daɗi gare shi ba. Ƙofar ba ta rufuwa, sai labule na sa, sanyin na'ura duk ya tsere falo in kwana cikin gumi. Kabad ɗina ƙofa ɗaya kawai ke buɗewa. Na buge goshina a jikinsa ba adadi.

Da sallar da ta wuce Yaya ya zo da iyalinsa cin abinci. Zai wuce wanke hannu sai kafaɗarsa ta bugi bakin fiffiken da ya leƙo. Ya tsaya yana murza wurin.

"Har yanzu kina nan da tsummanki?"

"Ina nan, Yaya."

"Ƙofar fa?"

"Ba ta rufuwa."

"Allah Ya shirye ki."

"Amin, mu duka."

Gwaggo ta ce daga falo mu zo shinkafa na hucewa, in faɗa za mu yi mu bari a ci tukuna. Ya sunkuya ya wuce, ni kuma na koma kicin na ɗauko miya.